Shekarar da Buzun Tafsiri Ya Kuɓuce Mini

Na san abin da ake gaya muku idan kun je biki ko zaman makoki a Yendi. Ba a rasa tsohuwar da za ta ja ɗayanku gefe, ta tambayi lafiyata, sannan ta sassauta murya ta ce ai ubanku malami ne na gaske, ba don 'yan cocin Roman sun taɓa masa kai ba. Wasu suna cewa na shiga coci na fito. Wasu suna cewa wani Fada ne ya zuba mini wani abu a shayi. Akwai ma wanda ya rantse ya gan ni da gicciye a wuya, alhali abin da ke wuyana a lokacin makullin keke ne. Shekara da shekaru ina jin wannan ina dariya, amma yanzu da jikokina suka fara kawo mini maganar, ga kuma gwiwoyina sun fara gaya mini gaskiya, na ga gara in rubuta abin da ya faru da hannuna. Ban taɓa barin sallata ba, ban kuma taɓa jin kunyar abin da na koya a wurin Fada Bonifas ba. Abin da na rasa a waccan shekarar buzu ne, kuma idona biyu na rasa shi.

Buzun na kakana ne. Da shi ya taso daga Salaga lokacin da fataucin goro ya mutu a can, ya shimfiɗa shi a zauren gidanmu na zangon Yendi, unguwar Hausawa, ya fara tafsirin azumi. Bayansa mahaifina, Malam Alhassan, ya hau. Fatar rago ce kawai, gashin tsakiyarta ma ya daɗe da ƙarewa, amma wanda ke kanta a watan azumi shi ne bakin zango. Shi ake kai wa rikicin gado, shi ke ɗaura aure, in Dagombawa masu gari suna son magana da Hausawa ƙofarsa suke fara zuwa. Ni ne babban ɗa namiji, kuma tun ina yaro ake nuna ni da baki ana cewa ga mai buzu nan. Ban taɓa tunanin wata rayuwa ba, ban kuma so wata ba. Ina son buzun nan, kada wani ya gaya muku wai ban damu da shi ba.

Fada Bonifas ya zo mana ne bayan shekarar yunwa, wajen tsakiyar shekarun tamanin. Badagarte ne, ɗan wata ƙabila daga yamma, baƙi, gajere, mai yawan dariya, yana hawa wani tsohon babur da ake jin zuwansa tun daga kasuwa. Ya cire takalminsa a ƙofar zaure ba tare da an gaya masa ba, ya durƙusa ya gaida Baba, ya tambayi gida da iyali har ƙarshe bai yi gaggawa ba. Hausarsa irin ta zango ce, mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa. Da aka gama gaisuwa ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Malam, karatu na zo nema. A Rum na karanta manyan malamanmu na da, sai na ga kowane shafi suna gardama da malamanku. Nan su ce wannan mutum ya yi kuskure, can su ce wannan gaskiyansa ne. Ni ina so in ji mutanen nan da bakinsu, ba da bakin abokin gardamansu ba. A koya mini Larabci."

 Baba ya tambaye shi me suke karantawa kafin a bar su su taɓa ilmin sanin Allah. Fada ya lissafa da yatsunsa: nahawu, mandiƙi, balaga, hisabi, ilmin awo, ilmin taurari, da kiɗa. Ya ce a wurinsu ba a barin ɗalibi ya yi magana a kan Ubangiji sai ya iya magana a kan ƙananan abubuwa ba tare da ya yi wa hankali ƙarya ba.

"Shida daga ciki suna cikin akwatin nan," in ji Baba, yana nuna akwatin littattafansa. "Na bakwai kuwa ku riƙe abinku."

Fada ya yi dariya har da buga cinya. A ranar Baba ya ce ni zan riƙa zuwa ina koya masa, domin tari ya fara cin muryarsa. Ku lura da wannan da kyau, ubana ne ya aike ni gidan mishan, ba satar hanya na yi ba.

Muna zama ne a barandar gidansa, ƙarƙashin wani mangwaro, da hantsi. In na gama ja masa kunne a kan nahawu, sai ya ce saura nawa karatun, ya ɗauko littattafansa ya riƙa juya mini su da Hausa da ɗan Turancin da na tsinta. Na yi zaton wa'azi zai yi mini, na zo da amsoshina a shirye kamar mai zuwa dambe. Bai taɓa ce mini in bar addinina ba, ni ma ban ce masa ya bar nasa ba. Abin da ya koya mini hanya ce ta yin gardama, wadda ya ce da ita malamansu suka yi karatu ɗaruruwan shekaru. In an kawo tambaya, ba ka fara da amsarka. Kana fara jero hujjojin wanda ba ka yarda da shi ba, ka ba su ƙarfi iyakar ƙarfinsu, har shi kansa in yana wurin ya ce e, abin da nake nufi ke nan. Sai bayan haka kake da izinin cewa, amma ni ga abin da na gani, ka bi hujjojin nan ɗaya bayan ɗaya ka warware.

"In ka kayar da mutum da ka ɗaure masa ƙafa, ba ka san ƙarfinka ba," in ji shi. "Kuma gaskiya bai tsoron tambaya, Malam Idrisu. Mu ne muke tsoro."

Wata rana ya sa muka yi musayar kujera. Ni zan kare abin da suka yi imani da shi game da Annabi Isa, shi kuma zai kare tauhidi. Na yi nawa ina gumi, yana tsayar da ni yana cewa a'a, ba haka muke cewa ba, ka raunana shi da gangan, sake. Da ya zo nasa, wallahi ya jero hujjojin kaɗaita Allah yadda ban taɓa jin wani limami ya jero su ba, har na ce masa saura kalma ɗaya ta rage, ya faɗa mu tafi masallaci. Ya ce in bari tukuna, bai kawo amsarsa ba. Ya kawo, ban gamsu ba, na gaya masa, muka sha shayi. Na koma gida a kan kekena ranar ina jin imanina ya fi na jiya nauyi, domin karo na farko ke nan da na ɗora shi a kan sikeli ya tsaya.

Da azumi ya kusa, muryar Baba ta ƙi. Ya kira ni gaban mahaifiyata, wadda muke ce wa Mma, ya ce bana ni zan hau buzu, in Allah ya sa na riƙe shi da kyau shi ke nan ya sauka. Uwarku Hajara ta kwana tana guga mini riguna. Azumin shekarar ya faɗo a farkon damina. Kwanakin farko komai ya tafi daidai, zaure yana cika har waje, tsofaffi suna gyaɗa kai, wani Ɗanjuma mai sayar da kaset a tashar lori yana zuwa da rediyonsa yana ɗauka, yana sayar wa direbobi.

Amma akwai abin da ke damuna. Yunwar da ta wuce ta ci yara da yawa a zango, kuma samarinmu da ke makarantar sakandare a Tamale suna dawowa hutu ba sa sallah sai an yi musu tsawa. Na zauna da su, na ji abin da ke cinsu. Suna cewa in Allah mai iko ne kuma mai jin ƙai, me ya sa ya bar jarirai suka mutu a bayan iyayensu mata? In sun tambayi malami sai ya ce su yi istigfari su rufe baki. Suna rufe bakin, tambayar kuma tana nan tana girma. Na ce a raina ba za a yi wannan a zamanina ba. Ranar da karatu ya kawo mu kan jarrabawa da haƙuri, na rufe littafi na ce wa jama'a yau zan fara da maganar masu shakka, in faɗe ta yadda su da kansu za su faɗe ta, sannan in amsa.

Na faɗe ta kuwa. Na ce mai shakka yana cewa, in uba yana da hatsi a rumbu ya bar ɗansa ya mutu da yunwa, kowa zai kira shi azzalumi, to yaya wanda rumbunan sama da ƙasa ke hannunsa? Na ce yana cewa, in jarrabawa ce, me jaririn da bai san damansa da hagunsa ba zai ci ko ya faɗi? Na ce yana cewa, in hukuncin zunubi ne, me ya sa masu ɓoye masara suka yi ƙiba, 'ya'yan masu sallar dare suka shiga rami? Zaure ya yi tsit, har ina jin ƙarar kaset ɗin Ɗanjuma yana juyawa. Na ga samarin nan a baya sun ɗago kai, karo na farko tun da aka fara azumi. Na buɗe baki zan ce, amma ga amsa, sai hadarin da ya taso daga gabas tun la'asar ya fashe. Rufin zaurenmu kwano ne. Ruwa ya sauko a kansa yadda ko na kusa da ni ba ya jin abin da nake cewa. Na waje suka watse da gudu, iska ta ɗebe tabarmi, Ɗanjuma ya cusa rediyonsa cikin riga ya fita. Kafin ruwan ya tsagaita an kira magariba, kowa ya tafi shan ruwa da rabin magana a kunnensa.

Na ce ba komai, gobe in ƙarasa. Kafin goben Ɗanjuma ya riga ya buga kaset ɗin, lorin asuba ta tafi da shi Salaga, wata ta yi arewa da shi. A zango kuwa mata a bakin famfo sun gama yanke hukunci. Da hantsi dattawa suka zo wurin Baba, ya aiko mini cewa in huta tukuna, ƙanena Sani zai riƙa karantawa har a ga abin da hali ya yi. Na shiga wurin Mma na same ta tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba.

"Idrisu, me ya kai ka? Tsofaffi da azumi a bakinsu ka ɗauko musu maganar kafirai?"

"Mma, ban gama ba ne. Ruwa ne ya katse ni."

"To da ka fara da mai kyan mana, in ruwan ya zo ya tarar da ita a gaba."

Uwarku kuwa ba ta ce na yi daidai ba, ba ta ce na yi kuskure ba. Ta ce ta daina zuwa famfo da safe, sai rana ta take ba kowa.

Ba a yi mako ba sai ga Baffa Hamidu daga Salaga. Shi ne yayan Baba, babban gidanmu duka, mutum dogo mai farin gemu wanda ban taɓa ganin ya yi maganar da aka mayar masa ba. Ya ji kaset ɗin ne a shagon wani tela, mutane sun kewaye rediyo, wani yana cewa ai jikan gidanku ne. Ya sauka da kayansa bai ko huta ba ya sa aka tara mazan gida a zaure, da dattawan zango kaɗan. Aka naɗe buzun aka jingine shi a bango, kowa yana ganinsa. Baffa ya yi magana a taƙaice. Ya ce ranar Juma'a zan miƙe bayan sallah in gaya wa jama'a cewa maganar nan ba tawa ba ce, Fada ne ya cusa mini ita, na tuba, kuma ƙafata ba za ta sake taka gidan mishan ba. In na yi haka, in koma kan buzu washegari. In ban yi ba, buzu na Sani ne har abada.

Kafin ranar taron na riga na ji dattawa suna cewa Fada za a ɗora wa laifin, na je wurinsa na gaya masa abin da ake ƙullawa. Sai ya ce:

"Ka ce ni ne, Malam. Ni ba ni da buzu, ba ni da mata, ba ni da yara. In sun zage ni, gobe bishop ya aika ni wani gari. Kai nan ne gidanku."

Na ce masa ba zan tsaya a masallaci in yi wa mutum ƙazafi don in sami wurin koya wa mutane gaskiya ba. Kuma tambayar ba daga Rum ta zo ba, daga maƙabartar zango ta zo.

To a zaure, da Baffa ya gama, na nemi izinin magana aka ba ni. A nan ne abin da ban hango ba ya faru. Na saba da hanyar Fada har ta zama mini jiki, don haka na fara da hujjar Baffa. Na ce, Baffa, bari in faɗi abin da kake nufi, in na yi kuskure ka gyara mini. Kana nufin mutanen da ke zuwa tafsiri ba ɗalibai ba ne, 'yan kasuwa ne da mahauta da tsofaffi masu yunwa, sun zo a ƙarfafa musu zuciya. Kana nufin tambaya tana shiga kai da sauri, amsa kuwa sai an zauna an yi haƙuri, don haka wanda ya saki tambaya a taro ya saki abin da ba zai iya kamowa ba. Kana nufin mu Hausawa baƙi ne a ƙasar Dagombawa, abin da ya riƙe mana mutunci shi ne an san gidan nan da magana ɗaya tun daga Salaga, in ta rabu biyu mun zama abin dariya. Kana nufin malami makiyayi ne, ba ya kai garke bakin rami don ya nuna musu ya iya tsallake. Na yi ta jerowa, kuma ba yabon kai ba, na jero su fiye da yadda Baffa ya iya. Ina magana ina ganin fuskarsa tana saki, dattawa suna cewa haka ne, haka ne.

"Alhamdu lillahi," in ji Baffa. "Yaron nan yana da hankali. Ka faɗe ta ma fiye da ni. Alhassan, ɗanka ya dawo. A yi fatiha."

Ku da kuka tashi a gidana kuna gardama da ni a kan tabarma ɗaya ba za ku gane nan da nan ba. A gidan da na tashi, idan ƙarami ya maimaita maganar babba a gaban mutane, ya karɓe ta ke nan. Haka ake nuna an ji. Ba wanda ya taɓa maimaita maganar dattijo don ya warware ta. Su a wurinsu na miƙa wuya, ni kuwa a wurina yanzu na share fili. Hannuwa suka tashi sama, nawa ma suka tashi, domin ba a ƙin fatiha. Ina karantawa na san in aka shafa magana ta mutu, ba a tone ta. Na ga buzun a jingine, na ga Baba yana murmushin da rabona da ganinsa tun kafin ruwan nan. Da na yi shiru shi ke nan, Juma'a in faɗi 'yan kalmomi, Asabar in hau. Aka shafa. Mutane suka fara neman takalma.

Na ce, "Baffa, ban gama ba. Wannan maganarka ce na faɗa. Tawa tana tafe."

 Baffa ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa, ya juyo ya dube ni, ya dubi Baba.

"Bayan fatiha?"

"Ka yi haƙuri, Baffa. Duk abin da ka faɗa yana da nauyi, shi ya sa na ɗauke shi da hannu biyu. Amma tambayar tana cikin zango tun kafin in buɗe baki. Yaranmu suna ɗauke da ita, ba wanda ya—"

"Alhassan," in ji Baffa, bai ko bari na kai aya ba, "wasa ya yi da mu. Ya sa mun yi fatiha a kan iska. Ba ni buzun nan."

Da hannunsa ya ɗauka ya miƙa wa Sani. Sani ya karɓa yana kuka, domin bai nema ba, kuma har ya koma ga Allah ban taɓa riƙe shi da komai ba. Ku ma kada ku riƙi 'ya'yansa. Ya yi tafsiri mai tsafta shekaru masu yawa, bai taɓa tayar wa kowa hankali ba.

Bayan sallah zama a Yendi ya gagara. Ba wanda ya kore ni, amma in na shiga sahu sai na ga gefena ya yi faɗi. Wani abokin karatuna da ke Bawku ya aiko cewa suna neman mai koyar da Larabci a wata makarantar zango, ba ruwansu da kaset, su dai a iya nahawu. Uwarku ta ce mu tafi, ta ce ta gaji da ɗiban ruwa da tsakar rana. A Bawku aka haifi yawancinku, a can na koyar da 'ya'yan Mosawa da Kusasawa da Hausawa har daga Pusiga, kuma duk wanda ya zauna gabana ya san dokata, ba ka amsa wa abokinka sai ka faɗi maganarsa ya ce e. Amma zafin rabuwa da Yendi bai taɓa barina ba, ba zan ɓoye muku ba.

Tun ranar taron Baba bai yi mini magana ba sai amsa gaisuwa. Ran da za mu tashi, an gama ɗaure kaya ana jiran lori, ya aiko a kira ni ɗakinsa. Hantsi ne, yana zaune a bakin gado da carbi, ya rame. Ya ce in rufe ƙofa. Na durƙusa ina jiran faɗa ko nasiha.

"Ranar da ruwa ya katse ka," in ji shi da 'yar muryar da ta rage masa, "ka ce akwai amsa. Ba ni ita."

Sai a lokacin na gane. Akwai wadda ban ambata muku ba, domin a gidanmu ba a ambatonta. Rabi, autarmu, wadda Baba ya samu da tsufa, yake ɗora ta a cinya yana karatu. A shekarar yunwa zawo ya kama ta a jikin da ba abinci, ta tafi cikin 'yan kwanaki. Baba ne ya yi mata sallah, ya dawo ya zauna ya karɓi gaisuwa yana gaya wa mutane su yi haƙuri, ko hawaye ba a gani ba. Ni da ke ganin na san masu tambaya a zango, ban taɓa duba ɗakin nan ba.

Na ba shi abin da nake da shi. Na ce sharri ba halitta ba ce mai tsayuwa da ƙafarta, rashin alheri ne a inda ya kamata a same shi, kamar yadda duhu rashin fitila ne. Na ce Allah ya ba mutum zaɓi, kuma a shekarar nan akwai masara a ɗakunan wasu da muka sani, don haka wani kaso na tambayar mu za a yi wa ita. Na ce wanda ke ganin zare ɗaya ba zai yanke wa masaƙi hukunci a kan zane ba, kuma rayuwar nan ba ita ce ƙarshen lissafi ba. Na bi hujjojin mai shakka guda ukun nan na warware su yadda na iya. Sannan na ce masa hankali yana iya nuna cewa ikon Allah da jin ƙansa ba su karo da juna, wannan na tsaya a kai ko gaban wa. Amma me ya sa Rabi, me ya sa ba ni ba, wannan ban sani ba, Fada ma bai sani ba, malamansa da namu duk a nan suka tsaya.

Ya daɗe yana jan carbi. Na ga hawaye yana bin gemunsa, bai share ba.

"Tambayarka ta fi amsarka ƙarfi," in ji shi.

"Na sani, Baba."

"Amma ka faɗe ta yadda take a cikina. Na zaci ni kaɗai ne, na zaci na halaka." Ya yi tari, ya huta. "Buzu na Sani ne. Na bari an miƙa shi a gaban yayana, ba zan tone ba."

"Ban zo neman a tone ba."

Aka buga ƙofa aka ce lori ta iso. Na kama hannunsa zan yi sallama, ya riƙe nawa bai saki ba.

"Su jira," ya ce. "Sake faɗa mini amsar farkon, a hankali."